Yadda zaka fara bincike akan matsalar murya da haɗiya ba tare da wahalarka ta tashi a banza ba

Duk ɗalibin da yazo min yace yana so yayi furojet akan dishewar murya ko matsalar haɗiya, tambayar da nake fara yi masa guda ɗaya ce, da me zaka auna? Yawanci shiru nake samu, ko ace min ai sauraron muryar za'a yi, ko a bawa majinyaci ruwa a gani ko zai yi tari. Toh anan aikin yake lalacewa tun ba'a taɓa majinyaci ko ɗaya ba, kuma wallahi abin yana damuna saboda mutanen da ake binciken akansu ba ƙaramar wahala suke sha ba, mutum yana kallon ruwa yana jin ƙishi amma yana tsoron kurɓa, ko malamin makaranta da muryarsa ce jarinsa ya wayi gari bata fita.

Bari in baka misalin da yafi zama min a rai. A 2005 Rosemary Martino da abokan aikinta a Kanada suka tattara binciken da aka yi a baya akan masu shanyewar ɓarin jiki, suna son sanin mutum nawa ne a cikinsu ke samun matsalar haɗiya. Inda aka yi gwajin tantancewa na sama-sama an samu kashi 37 zuwa 45 cikin ɗari, inda ma'aikaci ya zauna bakin gado ya duba da kyau kashi 51 zuwa 55, inda kuma aka sa na'ura aka leƙa cikin maƙogwaron sai ga kashi 64 zuwa 78. Ciwo ɗaya ne fa, ma'aunin ne kawai ya canza. Kaga kenan duk lambar da zaka fito da ita a ƙarshe, tun ranar da ka zaɓi ma'auni ka gama yanke rabinta.

Wani zai ce meya haɗa murya da haɗiya har ake bincikensu a fanni ɗaya. Maƙogwaro ne ya haɗa su. A cikinsa akwai tantanin murya guda biyu, in kana magana iska ce ke fitowa daga huhu tana kaɗa su, na namiji babba wajen sau ɗari da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen ɗari biyu. In kuma zaka haɗiye abu, maƙogwaron sai ya ɗago sama, tantanin su haɗe, murfin da ke bisansu ya kifo, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci har lomar ta wuce hanyarta. Ƙofa ɗaya ce ke aiki biyu, shiyasa wanda ɗaya daga tantaninsa ya shanye zaka ji muryarsa tana fita da iska kuma yana yawan ƙwarewa da ruwa.

Ka fara da matse tambayarka. "Matsalar murya a tsakanin malamai" ba tambaya bace, suna ne kawai. Tambaya sai ta faɗi su waye, me za'a yi musu ko a duba a jikinsu, da wa za'a kwatanta su, sannan me za'a auna kuma yaushe. Dubi aikin Nelson Roy da mutanensa a Amurka a 2004, basu tsaya kan malamai kaɗai ba sai da suka ɗauko waɗanda ba malamai ba, suka samu kashi 11 na malamai suna da matsalar a lokacin da aka tambaye su, sauran mutane kashi 6.2, waɗanda suka taɓa yi a rayuwa kuwa malamai sun kusa kashi 58, sauran wajen 29. Da ace malamai kaɗai suka tambaya da lambar 11 ɗin bata gaya mana komai ba.

Karatu kuma ba sai na ja ba. PubMed, rumbun neman takardun binciken lafiya a intanet, kyauta ne, kalmomin da zaka rubuta sune dysphagia don haɗiya da dysphonia don murya sai ka haɗa da cutar da kake so, ka leƙa Cochrane, inda ake ajiye bitar da ta tattara bincike dayawa wuri ɗaya, ka ga ko an riga an tattara hujjoji akan abin, akwai speechBITE na Ostareliya da aka ware wa binciken magani na fannin matsalar magana da murya da haɗiya kaɗai, mujallun Dysphagia da Journal of Voice kuma sune gidan maganar. In makarantarku tana cikin tsarin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa zaka buɗe dayawa daga cikinsu ba tare da ka biya ba. Shawarata ɗaya anan, in ka buɗe takarda karka fara da abinda suka ce sun gano, ka wuce wajen da suka bayyana yadda suka yi aikin, mutum nawa, da me suka auna, waye ya auna.

Yanzu ɓangaren haɗiya, kuma anan nake so ka nutsu. Gwajin bakin gado yana da amfani, ka duba ƙarfin leɓe da harshe, ka ji ƙarfin tarin mutum, ka ji ko muryarsa ta jiƙe bayan ya kurɓa, akwai kuma sanannen gwajin nan na bada ruwa mililita 90 a shanye ba tsayawa. Amma duk wannan alama yake nuna maka, baka ga abinda ya faru a ciki ba. Akwai majinyatan da ruwa ke bi ta hanyar iska ya wuce tantanin murya ya gangara, basu yi tari ba, basu ma ji komai ba, saboda jijiyar da ya kamata ta kai saƙon ta samu matsala. Ni ƙwarewar shiru nake ce mata. In tari ne ma'auninka, waɗannan mutanen zaka rubuta su a layin masu lafiya, alhali sune ya kamata a fi sa wa ido.

Hanyoyin gani da ido biyu ne. Na farko eksire mai motsi, ana cuɗa ruwa da abinci da sinadarin bariyom mutum ya haɗiye ana ɗauka, Jeri Logemann ta jami'ar Northwestern ce ta daidaita tsarinsa har ya zama abinda kowa ke bi tun shekarun 1980. In dashi zaka yi aiki ka tambayi masu na'urar hoto nawa take ɗauka a daƙiƙa, 30 ake so, domin haɗiya a maƙogwaro bata cika wuce daƙiƙa ɗaya ba, in aka rage sai ɗigon da ya saɓa hanya ya faɗa tsakanin hoto biyu ba wanda ya ganshi. Na biyu shine FEES, siririyar kyamara da ake turawa ta hanci a leƙo maƙogwaron daga sama, Susan Langmore da abokan aikinta suka fara bayyana shi a 1988. Shi ba ruwansa da hasken eksire, ana iya kaishi har gadon majinyaci, ana ganin yawu da ragowar abinci da suka taru, sai dai a daidai tsakiyar haɗiyar fari ke rufe hoton na ɗan lokaci, sai ka dogara da abinda ka gani kafin da bayan.

Abinda ka gani kuma sai ka bashi maki da ma'aunin da kowa ya sani, kar ka ƙirƙiro naka. Na John Rosenbek da mutanensa na 1996 shine aka fi amfani dashi, mataki 8 ne, 1 ba abinda ya shiga hanyar iska, 2 zuwa 5 ya shiga amma bai wuce tantanin murya ba, 6 zuwa 8 ya wuce, 8 ɗin ita ce ƙwarewar shirun da nake faɗa. Wani kuskure da nake yawan gani, sai a tara makin a raba ace matsakaici 4.3 ne. Lambobin nan matakai ne ba awo ba, tazarar 2 da 3 ba ɗaya take da tazarar 5 da 6 ba, don haka ka faɗi mutum nawa suka faɗa kowane mataki, ko mafi munin makin kowane mutum.

Idan baka da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan ba laifi bane, kana iya yin bincike mai kyau, sharaɗin kawai ka kira abin da sunansa. Rubuta cewa ka ga alamun matsalar haɗiya, karka rubuta cewa ruwa ya shiga huhu tunda baka gani ba.

Sai maganar kauri. Kar ka rubuta "an basu ruwa mai kauri" ka wuce, domin kaurinka ba kaurina bane. Tsarin IDDSI, ma'aunin kaurin abin sha da laushin abinci na ƙasa da ƙasa, ya raba abin daga mataki 0 zuwa 7, abin sha 0 zuwa 4, abin ci 3 zuwa 7, kuma gwajinsa mai sauƙi ne, sirinji mai mililita 10 ka cire allura ka cika, ka toshe bakin da yatsa, ka saki na daƙiƙa 10 sannan ka duba abinda ya rage a ciki. Ka riƙa yi duk ranar da ka haɗa, kuma a zafin da za'a sha, saboda kauri yana canzawa in abu ya huce ko ya jima a ajiye.

Murya kuma ta fuska huɗu ake kallonta, abinda kunne ya ji, abinda kwamfuta ta auna, abinda ido ya gani a maƙogwaro, da abinda mai muryar ya faɗa da bakinsa, kuma sau dayawa basa yarda da juna. Na sha ganin wanda muryarsa ta dishe sosai amma bai damu ba, ga wata kuma ɗan canji kaɗan ne amma ya hana ta aikinta.

Na kunne akwai ma'aunin GRBAS da ya fito daga Japan, Minoru Hirano ya yaɗa shi a 1981, abu biyar ake ba maki daga 0 zuwa 3, akwai kuma CAPE-V na ASHA, ƙungiyar masana magana da ji ta Amurka, inda ake sa alama akan layi mai tsawon milimita 100. Kowanne ka ɗauka, kar ya zama kai da ka yi wa mutum magani kai ne zaka saurara kace ya samu sauƙi, kunnenka zai ji abinda zuciyarka ke so. Nemo mutum biyu ko uku da basu san majinyatan ba, ka cuɗa rikodin ɗin yadda bazasu gane na kafin magani da na bayan magani ba, sannan ka maimaita wasu a ɓoye ka ga ko mutum zai bada maki ɗaya sau biyu. Wannan sakamakon shima ka saka shi a rahoto. Ka kuma sani jimlolin CAPE-V don sautukan Turanci aka gina su, in majinyatanka wani harshe suke ji sai an gina musu nasu da irin wannan manufar, fassara kalma da kalma bata yi.

Rikodin kuwa shine inda aka fi yin asara. Ɗaki mara hayaniya, a kashe fanka da iyakwandishan, makirfo guda ɗaya daga farkon aiki har ƙarshe, wanda ake ɗaurawa a kai yafi saboda tazararsa da baki bata canzawa, santimita 4 zuwa 10 ta gefen baki. Ka ajiye a WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba'a matse shi, akalla 44.1 kHz da bit 16. Don Allah kar ka karɓi murya ta saƙon WhatsApp kace zaka auna, manhajar tana matse sautin ta zubar da wani ɓangarensa, wayoyi dayawa kuma suna goge abinda suka ɗauka hayaniya ce, alhali wannan hucin iskar da ke cikin muryar shine ainihin abinda kake nema. Kowa yaja wasalin "a" na ƴan daƙiƙu, ya karanta ko ya maimaita jimloli iri ɗaya, sannan ya ɗan yi hira. In zaka auna tsawon lokacin da mutum zai iya jan sauti a numfashi ɗaya, sau uku ake yi a ɗauki mafi tsawo.

Wajen aunawa Praat ya isheka, manhajar nazarin sauti ce a kwamfuta, Paul Boersma da David Weenink na jami'ar Amsterdam suka yi shi kuma kyauta ne. Zai baka jitter da shimmer nan take, wato rashin daidaiton saurin kaɗawar tantanin da na ƙarfinta, amma ka sani waɗannan biyun sai kwamfuta ta iya gane kaɗawar tantanin ɗaya bayan ɗaya suke da ma'ana, in murya ta lalace sosai lambar da zai fitar ba abin dogaro bace. Shiyasa masana suka fi karkata ga CPP yanzu, ma'aunin da ke nuna yadda tsaftataccen sautin murya ya fita daban daga hucin da ke cikinta, shi yana aiki har akan magana mai gudana. Sannan kar ka sa kowa a binciken maganin murya ba tare da likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ba. Dishewa alama ce kawai, tana iya zama ƙurji daga yawan ɗaga murya, tana iya zama shanyewar jijiya, tana iya zama kansa. Ƙa'idar likitocin fannin a Amurka ta 2018 tace in dishewa ta kai sati huɗu bata tafi ba a leƙa, in akwai abin tsoro kuma ba sai an jira ba.

Takardun tambayoyi su ne bakin majinyaci a cikin bincikenka. VHI na 1997, wanda ke auna yadda matsalar murya ta shafi rayuwar mutum, tambaya 30 ne, an taƙaita shi zuwa 10 a 2004, na haɗiya kuma akwai EAT-10 na 2008 wanda maki 3 ko fiye ke nuna akwai matsala. In babu ingantacciyar fassara a harshen mutanenka, kar ka zauna dare ɗaya ka fassara da kanka. Mutum biyu kowa ya fassara nasa, a haɗa a daidaita, wani da bai taɓa ganin na asalin ba ya mayar dashi harshen asali, kwamiti ya duba inda ma'ana ta zame, a gwada akan mutum talatin zuwa arba'in a tambaye su me suka fahimta. Ka nemi izinin masu takardar kuma. Gaskiya wannan aikin shi kaɗai furojet ne cikakke, kuma duk wanda zai zo bayanka zai ci moriyarsa.

Toh ga abinda nake ganin yafi komai nauyi, me kake ƙoƙarin gyarawa a rayuwar mutumin? Akwai wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2008 akan masu cutar mantuwa da masu Parkinson, cutar ƙwaƙwalwar nan mai sa karkarwar jiki. A kashin farko da Logemann ta jagoranta, a gaban eksire ruwa mai kauri irin na zuma shine yafi hana abu bin hanyar iska, ya fi mai ɗan kauri, ya fi dabarar sunkuyar da haɓa. Da anan aka tsaya da kowa yace an gama. Sai JoAnne Robbins da sauran suka bi mutum 515 har wata uku, aka samu wajen kashi 11 sun kamu da nimoniya, wato ciwon huhu, kuma ba wani bambanci tabbatacce tsakanin masu sunkuyar da haɓa da masu shan mai kauri. Masu shan mai kaurin sun fi samun ƙarancin ruwa a jiki, waɗanda ke kan mai kaurin zuma kuma da suka kamu da nimoniya sun fi daɗewa a asibiti. Abinda yayi kyau a allo bai zama lallai yayi wa mutum kyau a gida ba.

Haka aikin Langmore na 1998 akan tsofaffi 189, da aka duba abubuwan da suka fi nuna wanda zai kamu da nimoniya sai ga dogaro da wani wajen ciyarwa, dogaro da wani wajen wanke baki, yawan ruɓaɓɓun haƙora, ciyarwa ta tiyo, yawan magunguna da shan taba. Matsalar haɗiyar tana da hannu amma ita kaɗai bata cika isa ba. Don haka in kana bin majinyatan haɗiya, ka rubuta halin bakinsu da wanda ke basu abinci, ka auna nauyinsu da yawan ruwan da suke sha, ka kuma tambaye su ko suna bin abinda aka ce suyi, domin dayawa basa son ruwa mai kauri kuma bazasu faɗa maka ba sai ka tambaya da lalama.

In magani zaka gwada sai da rukunin kwatance. Masu shanyewar ɓarin jiki dayawa haɗiyarsu tana dawowa da kanta a makonnin farko, in ka auna yau ka basu atisaye ka sake aunawa bayan wata ɗaya zaka ga sauƙi ko da atisayen bai yi komai ba. Kalli yadda aka yi da LSVT LOUD, maganin ɗaga murya na masu Parkinson da Lorraine Ramig ta faro, zama 16 cikin sati huɗu. A binciken PD COMM na Birtaniya da ya fito a 2024 an raba mutum 388 gida uku ta hanyar ƙuri'a, wasu LSVT, wasu maganin da aka saba bayarwa, wasu ba magani, aka auna da VHI bayan wata uku, LSVT ya fito gaba. Kai bazaka samu ɗaruruwa ba kuma ba komai, amma ka je wajen masanin ƙididdiga tun kafin ka fara ya gaya maka mutum nawa tambayarka ke buƙata. In mutum huɗu ko biyar kawai zaka iya samu, akwai tsarin bin mutum ɗai-ɗai, a auna shi sau dayawa kafin a fara maganin har a ga ma'aunin ya tsaya wuri ɗaya sannan a fara.

Kwamitin ɗa'ar bincike kuma kar ka ɗauke shi cika takarda, tun sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar bincike akan ɗan adam ake jaddada cewa lafiyar wanda ake bincike akansa ita ce gaba. Mutanenka wasu ciwo ya taɓa musu magana ko fahimta, sai ka yi bayani da gajerun jimloli da hotuna, in ya zama dole wakilinsu ya sa hannu ka nemi yardar shi majinyacin ma gwargwadon iyawarsa. Ka rubuta tun farko a wane hali zaka dakatar da gwajin haɗiya, na'urar zuƙe majina ta kasance kusa, kuma duk wanda ka gano yana da matsala ka tura shi inda za'a kula dashi ko da ya fita daga bincikenka. Muryar mutum kamar fuskarsa ce ana gane shi da ita, don haka lamba zaka sa wa fayil ba suna ba, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma a kulle ta daban.

Kafin ka buɗe aikin gadan-gadan ka gwada komai akan mutum biyar, daga karanta takardar yarda har zuwa shigar da lambobi a kwamfuta, anan zaka gane zaman yana cin awa ɗaya tsoho ya gaji tun a rabi, ko tambaya ta bakwai kowa fahimtarsa daban. In gwajin magani ne ka yi rajistarsa a wuri irin ClinicalTrials.gov kafin mutum na farko ya shigo, ka faɗi babban ma'auninka a can yadda bazaka canza shi daga baya ba. Ka riƙe littafi kana rubuta duk wanda ya daina zuwa da dalilinsa, saboda sau dayawa waɗanda abin yafi tsananta musu ne ke ɓacewa, in ka share su sakamakonka zai fito da kyan da ya wuce gaskiya. In kuma ka gama ka ga maganin bai yi aiki ba, ka rubuta hakan ka tura mujalla kamar yadda zaka tura da yayi.